Ma'aikatan gidan yari da lauyoyi, ya ake yi da ɗan daudu ko wanda ake zargi da luwaɗi idan kotu ta turo shi?

Sabon_Sufeto

Assalamu alaikum jama'a. Ni ma'aikacin gidan gyaran hali ne a wata jiha nan Arewa, ba zan faɗi wurin ba saboda yanayin aiki. Kwanakin baya aka ɗora ni a kan karɓar sababbin fursunoni da rarraba su ɗakuna, kuma wallahi akwai abin da yake hana ni sukuni.

Duk ranar da kotu ta turo mana wanda ake zargi da luwaɗi, ko wani ɗan daudu wanda ma ba wannan ce tuhumarsa ba, wataƙila sata ce ko rigima ko an kama shi da shigar mata a wajen biki, to kafin ya gama cire takalmi a bakin ƙofa labari ya riga ya zaga gidan. In na sa shi a babban ɗaki cikin jama'a na san abin da zai biyo baya, duka, a kwantar da shi kusa da bokitin bahaya, a mai da shi mai wankin kowa, da daddare kuma abin da ake masa ba ya faɗuwa. In kuma na ce bari in kare shi, wurin da muke da shi kawai shi ne ƙaramin sel ɗin horo, inda ake kulle masu taurin kai, kaga kenan na hukunta mutumin da bai yi komai a cikin gidan ba. Kuma yawancinsu jiran shari'a suke, ba a ma yanke musu hukunci ba.

Na tambayi manyana, wani ya ce min in bar shi kawai ai shi ya jawo wa kansa. Ni Musulmi ne, ba fatawar halas da haram nake nema ba, na san matsayin addinina. Tambayata ita ce in wani abu ya samu mutumin nan a hannunmu alhakin a wuyan wa yake, kuma me doka ta ce, kuma ya shugaban gida na gari ya kamata ya tafiyar da irin wannan? Don Allah masu sani a taimaka.

Baba Mai Ritaya

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya, da yawa ba sa tambaya. Na yi wannan aikin tun ana kiransa gidan yari har na ajiye kaki kafin a sauya masa suna a 2019, kuma abin da zan gaya maka shi ne maganar nan a bakin ƙofa take lalacewa ko ta gyaru.

Na sha ganin yadda ake yi. An sauko da yaro daga mota, ga gira a aske ga lalle a hannu, sai wani ƙaramin ma'aikaci ya ɗaga takardar kotu ya karanta tuhumar da ƙarfi kowa na ji, har da fursunonin da ke shara a tsakar gida. Sai a ce ya yi tafiya a gani, ya yi magana a ji, ana shewa. Wajen bincike a tuɓe shi a fili alhali akwai ɗaki. To in oga yana tsaye ya yi dariya, ko ya kau da kai kawai, shikenan ya ba wa gidan gaba ɗaya izini, duk abin da za a yi wa yaron nan da dare daga wannan dariyar ya samo asali. Fursunoni suna karantar fuskar shugaba fiye da yadda kuke zato.

Saboda haka abu na farko, takardar tuhuma tsakaninka ne da ofishin ajiye bayanai, ba ruwan mai gadin ƙofa da ita, ba ruwan shugaban sel, wato fursunan da ke shugabantar ɗaki, da ita. Bincike a yi shi a keɓe, ma'aikata biyu, ba waya ba hoto. Sannan ka zaunar da shi ka tambaye shi kai da shi, akwai wanda ka sani a gidan nan, akwai wanda kake tsoro, kana shan wani magani? Za ka yi mamakin abin da mutum zai gaya maka in ya ga ba wulaƙanta shi za ka yi ba.

Maganar ɗaki kuma, kada ka kai shi sel ɗin horo. Na ga abin da kaɗaici yake yi wa mutum, lafiyayye zai shiga ya fito yana magana shi kaɗai. Kowane gida yana da ɗakin da ya fi sauran natsuwa, galibi inda dattawa suke ko marasa ƙarfi ko masu ƙananan laifuka, wanda yake kusa da wajen da mai gadin dare yake zama. Nan za ka duba. Ka kira shugaban sel ɗin ka gaya masa a gaban shaida cewa yaron nan amana ne, ko ƙwarzane na gani a jikinsa kai zan fara tambaya kuma shugabancinka ya ƙare. Su shugabannin sel ɗin nan su ne ainihin gwamnatin dare, mu in mun kulle da yamma mun tafi su ke rabon wurin kwana su ke karɓar kuɗi su ke yanke hukunci, duk wanda ya ce maka ba haka ba ne bai taɓa kwana a bakin aiki ba. Shugaban gidan da ba ya zagayen dare ba tare da sanarwa ba, kuma ba ya sauya shugabannin sel lokaci lokaci, to suna kawai yake riƙe da shi.

Kuma ka rubuta komai a littafi, ranar da ya shigo, halin da jikinsa yake, ɗakin da ka sa shi da dalili. Littafin nan shi zai tsaya maka ranar da aka zo bincike.

Gaskiya_Daci_Gareta

Ni fa gsky ban gane inda kuka dosa ba. Kasar nan akwai doka, Jonathan yasa hannu tun Janairun 2014 shekara 14 ce akan auren jinsi, banda dokar shari'a da muke da ita a jihohinmu, toh mutum ya taka dokar Allah ya taka ta kasa sannan azo ana neman masa daki mai natsuwa? Kuje kuga yadda bayin Allah suke kwana a zaune saboda cunkoso, wani akan bashin da bai kai dubu hamsin ba yake ciki, abincin ma naira 750 ne a rana sai kwanan nan aka maidashi 1,125 wanda ko kwanon shinkafa mai kyau bazai siya ba, duk wadannan baku tausaya musu ba sai yan daudu. Wannan ai ajandar turawa ce ake shigo mana da ita ta bayan gida. Kun manta Bobrisky, sanannen dan daudun nan mai shigar mata? an daureshi wata shida amma daki shi kadai aka bashi harda talabijin da firji, talaka kuma yana cin gabza. Irin abinda kuke so kenan?

Lauyar Talakawa

@Gaskiya_Daci_Gareta, Malam maganarka kan cunkoso da abinci gaskiya ce kuma ba wanda ya musa, amma misalin Bobrisky da ka kawo ai hujja ce a kanka. An yanke masa wata shida a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas a Afrilun 2024, kan liƙi da wulaƙanta naira, ba kan jinsi ba. Da surutu ya yi yawa bayan fitowarsa cewa wai ba a gidan yari ya yi zamansa ba, ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya kafa kwamiti aka dakatar da wasu manyan jami'ai, kwamitin ya ce bai samu shaidar cewa ya kwana a waje ba amma an ba shi gata iri iri a gidan yarin Kirikiri. Me ya jawo haka? Babu rubutaccen tsari na yadda za a yi da irinsa, sai abin ya koma hannun jami'in da ke wurin da kuma aljihun wanda aka kawo. Mai kuɗi da suna ya samu firji, ɗan daudun da ke soya kaji a tasha kuma ya samu gefen bokiti. Sufeto ba firji yake nema wa kowa ba, so yake kada a yi wa mutum fyaɗe a ɗakin da makullinsa ke hannun gwamnati.

Yallaɓai Sufeto, ga amsar tambayarka ta alhaki. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana azabtarwa da cin mutuncin kowane ɗan adam, bai cire fursuna ba bai cire kowace irin tuhuma ba. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai an tabbatar. Ga dokar hana azabtarwa ta 2017. Ita kanta dokar hukumarku da Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2019 ta faɗa cikin manufofinta cewa za a bi ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan adam na duniya, kuma ta ba shugaban hukumar na jiha hurumin sanar da alƙalin alƙalai idan gida ya cika ya wuce ƙima. Dokar 2014 da Malam ya ambata ɗauri ta tanada, babu inda ta ce a ƙara da duka ko fyaɗe.

Kuma ku tuna zargi daban tabbaci daban. A 2018 'yan sanda sun kama gomman maza a wani otal a Egbeda ta Legas aka nuna su a talabijin, aka gurfanar da 47, a Oktoban 2020 mai shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaidu. A Gombe ma a Oktoban 2023 an kama mutum 76 a wajen wani taro. Irin wannan kamen na taro yakan haɗa da mai kiɗa da mai hoto da wanda ya zo cin shinkafa.

Ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda ake kira dokokin Mandela, sun taɓo kusan duk abin da Baba ya faɗa. Sun ce ba a nuna bambanci, kuma kula da buƙatar wanda ya fi rauni a gidan ba bambanci ba ne. Sun ce kulle mutum shi kaɗai awa 22 ko fiye a rana shi ne kaɗaitawa, in ya wuce kwana 15 a jere haramun ne. Sun kuma ce kada a ba wani fursuna ikon hukunta ɗan'uwansa fursuna, wanda shi ne daidai abin da shugabannin sel suke yi.

A Amurka wata shari'a ce ta kafa tushen maganar. Dee Farmer, wanda aka haifa namiji yake rayuwa a matsayin mace, an kai shi gidan yarin maza na Terre Haute a Indiyana aka yi masa duka da fyaɗe, a 1994 Kotun Ƙoli ta ce jami'in da ya san akwai babban haɗari ga fursuna ya yi ko oho to shi ma yana da laifi. A 2003 George Bush ya sa hannu kan dokar yaƙi da fyaɗe a gidajen yari, ƙa'idojinta da suka fito a 2012 suka ce a tantance kowane sabon fursuna cikin awa 72 a gane wa zai iya cutarwa wa za a iya cuta, kada a haɗa su ɗaki. Amma ko can ba a gama ba, a 2019 Layleen Polanco ta mutu a sel ɗin kaɗaici a gidan yarin Rikers da ke New York sakamakon farfaɗiya, belin dala 500 ne ya riƙe ta. Batun a kai masu sauya jinsi gidan mata ko na maza kuma har yau rigima ake, Trump da ya dawo a 2025 ya ba da umarnin a daina kai su gidajen mata na tarayya. Mu nan ba mu ma kai wannan muhawarar ba, tantancewar nan ta bakin ƙofa ita ce abin ɗauka, kuma ba ta cin ko kwabo.

Almajirin Malam

Ɗan'uwa mai cewa ajandar Turawa, ka yi haƙuri in ɗan ja hankalinka. Ba mu da saɓani kan haramcin aikin. Amma hukunci na alƙali ne bayan hujja ta tabbata, ba na gandiroba ba ne balle na fursunan da shi ma laifi ya kawo shi. Allah ya ce a suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Annabi SAW ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, hadisin yana Bukhari da Muslim. To wanda ya kulle ɗan adam ya riƙe makulli ya tafi gida ya yi barci alhali ya san abin da ake masa fa?

Kuma abin da yake ba ni mamaki, waɗanda ke afka wa yaran nan da dare ai aikin da ake zargin yaron da shi suke aikatawa, sun ma ƙara da tilastawa, amma da safe su ne masu zaginsa kuma ba wanda ya ce musu kanzil. Shugaban da ya bar wannan yana faruwa da sunan ƙyamar alfasha to alfashar ya buɗe wa ƙofa.

Sannan akwai mata-maza, waɗanda haka aka halicce su, malaman fiƙihu sun yi babi a kansu a gado da sahun salla da wankan gawa. Su ma ana jefa su cikin wannan kwandon a yi musu tsirara ana kallo, wannan zalunci ne tsantsa.

Nas Mai Dare

Ni ta ɓangaren asibiti zan yi magana, na yi aiki da wani shiri da ke kai magani gidajen yari. Oga Sufeto tambayar da Baba ya ce ka yi ta magani kada ka raina ta. Binciken da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ya yi da hukumomin Najeriya wajen 2018 ya nuna masu ɗauke da HIV a gidajen yari kashi 2.8 ne cikin ɗari, ninki biyu na 1.4 da ake da shi a waje. Mutum yana shan maganinsa kullum a gida, aka kama shi ba ko ƙwaya a aljihu, yana tsoron ya faɗa don kada a haɗa masa zargi biyu, sai ya yi shiru har jiki ya rikice ga tarin fuka yana yawo a ɗakin da ba iska.

Abin da na gani yana aiki shi ne a daina ware layin masu karɓar wannan maganin daban, kowa ya zo asibitin gidan a layi ɗaya, mai ciwon kai da mai ƙaiƙayi da shi, ba mai sanin me aka ba wani. Kuma in an kawo maka ƙorafin fyaɗe kada a tsaya sai oga ya dawo daga tafiya, akwai maganin kariya daga HIV da dole a fara cikin awa 72, in lokacin ya wuce ya wuce. A duba shi a rubuta rauni, a raba shi da wanda ya yi, wanda ya yi ɗin shi za a ɗauke ba wanda aka yi wa ba.

Ɓangaren mata ma kada a manta, wadda aka kawo da zargin maɗigo sauran mata kan ƙi cin abinci da ita, wani lokacin ma'aikata maza su riƙa mata maganganun banza wai za su gyara ta. Ƙa'ida ita ce makullin ɓangaren mata a hannun mace yake, namiji ba ya shiga sai da rakiyar ma'aikaciya.

Yaya Babba

Na daɗe ina karantawa ban iya rubutu ba sai yanzu. Ƙanena aka taɓa kamawa a wajen bikin wata ƙawar sana'arsa, shi abinci yake dafawa a bukukuwa. Kotu ta ba da beli tun zaman farko amma ba wanda ya yarda ya tsaya masa, kawunnanmu suka ce ba za su sa sunansu a takardar irin wannan shari'a ba, mai unguwa ma ya ƙi sa hannu. Ni kaɗai nake zuwa, in dafa in kai, in an kira sunansa a wajen ziyara sai ka ji ana wata irin murya ana kwaikwayonsa. Duk zuwa sai na ba shi kuɗin da zai kai wa shugaban ɗaki don a bar shi ya kwanta nesa da ƙofar banɗaki. Wata rana na ga leɓensa a fashe na tambaye shi ya ce faɗuwa ya yi, ni kuma na san ba faɗuwa ba ce.

Da aka sauya mai riƙe da gidan, sabon da ya zo dattijo ne, ya mai da shi kicin yana dafa wa fursunoni ya sauya masa ɗaki, kwaikwayon nan a wajen ziyara ma aka daina. Ginin bai canza ba ma'aikatan ma su ne dai. Daga baya aka kori ƙarar don ba shaida. Yallaɓai Allah ya ba ka ikon riƙe amana, irin su ƙanena da yawa ba mai zuwa musu ko sau ɗaya.

Sabon_Sufeto

Na gode ƙwarai jama'a. Baba Allah ya ƙara girma, maganar karanta tuhuma a bakin ƙofa da bincike a keɓe waɗannan a hannuna suke ba sai na jira kowa ba, na ɗaki da shugabannin sel kuma zan rubuta wa oga a takarda don ya zama akwai shaida. Yaya Babba Allah ya saka miki, maganarki ta taɓo wani abin, yanzu haka muna da waɗanda an ba su beli amma ba mai tsaya musu kuma ba lauya. Barista irin waɗannan ni a matsayina akwai abin da zan iya yi musu ba tare da na wuce gona da iri ba?

Lauyar Talakawa

Akwai Yallaɓai. Ka sa ofishin walwalar fursunoni na gidanku ya fitar da sunayen duk masu jiran shari'a da ba su da lauya ko aka ba su beli suka kasa cika sharaɗi, kowa da kowa ba su kaɗai ba, da ranar shigowa da kotun da ranar zaman ƙarshe. A tura wa ofishin Legal Aid Council, wato hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya, na jiharku ta hannun oga, aikinsu kenan kuma kyauta ne, lauya zai iya neman kotu ta sassauta sharaɗin beli ko ta kori ƙarar in masu gabatarwa sun daina zuwa. Kwafi ɗaya kuma a ajiye don ranar da alƙalin alƙalan jiha zai zo zagayen rage cunkoso, yana da ikon sallamar wanda zamansa ya wuce hukuncin da za a iya yanke masa. In batun duka ko fyaɗe ne kuma aka ƙi ɗaukar mataki a cikin gida, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ofis a jihohi kuma doka ta ba ta ikon shiga wuraren tsare mutane ta duba.